Kalmar da Ba Ta Kwana a Kasuwa Ba

Yanzu idan sabon abu ya shigo Suleja, da sunansa yake shigowa. Da safe za ka gan shi a hannun wani saurayi a tashar Madalla, kafin la'asar kowa ya iya faɗin sunan, rabi Turanci rabi Hausa, ba wanda zai tsaya ya tambayi inda aka samo shi. Da can ba haka abin yake ba. A shekarun da nake saurayi, lokacin da garin nan yake amsa sunan Abuja, kafin ya bar wa sabon birnin da aka gina kusa da mu sunan, abu yakan zo ya yi kwana da kwanaki ba shi da suna. Sai dai a nuna shi da baki a ce "abin nan", har sai an zauna a kansa.

Abin da ya tuno mini da wannan zama wata tafiya ce da na yi bayan na tsufa. Aikin tafinta ya kai ni ƙasashe da dama, daga ƙarshe ya kai ni Estoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, a bakin wani teku mai sanyi. Mutanenta duka ba su kai na birnin Kano yawa ba. Harshensu bai yi kama da Rashanci ba, bai yi kama da Jamusanci ba, ni da nake taƙama da harsuna sai na zauna a cikinsu kamar kurma. Gwamnatinsu tana da wata cibiyar bincike da ba ta da aikin da ya wuce kula da wannan harshe. Su ne suke haɗa ƙamus, su ne suke ba da shawara a kan yadda ake rubutu, kuma idan sabon abu ya zo suna cikin masu nema masa suna. Mai gidan burodi da yake son rubuta allon shagonsa yana iya tambayarsu, su amsa masa.

Wata dattijuwar ma'aikaciya ce ta zagaya da ni, muna magana da Rashancin da ya rage mini a ka. Ta jawo mini wasu akwatuna cike da 'yan katuna, kowane kati da kalma ɗaya da sunan ƙauyen da aka ji ta. Na taɓa shiga irin waɗannan gidaje a ƙasashen Larabawa da na Turawa, kuma a ganina a can manyan malamai ne suke yanke magana daga sama. Shi ya sa na tambaye ta: idan kun ƙirƙiro kalma mutane suka ƙi ta fa? Ta yi dariya, ta ce ai nasu shawara ce kawai. Sukan saki kalma su jira. Idan ta kama bakin mutane ta zauna, idan ba ta kama ba su haƙura. Ina tsaye a wannan ɗaki mai ɗumi, ƙanƙara tana sauka a waje, sai na ji kamar kawuna ne yake magana a zaurensa na unguwar Magajiya.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai shelar gari. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, idan yana hira ba za ka ce yana da wata murya ba. Amma idan ya buga kugensa, wato ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa da ƙaho, ya ɗaga kai ya ce "Jama'a!", har awaki sukan daina tuƙa. Bai yi karatun boko ba. Yana jin Gwaranci sosai, yana taɓa Nufanci, kuma ya iya gaisuwar Yarabawa da zaginsu.

Ni kuwa a lokacin ƙaramin tafinta ne a ofishin hukumar gari. Sanarwa takan zo da Turanci, a ba ni in kai wa Kawu in bayyana masa abin da take nufi. Idan maganar yau da kullum ce, kamar gyaran hanya ko share kwata ko ɓatan jaki, ba ta buƙatar komai, kalmominta tsofaffi ne, da yamma zai fita. Idan kuwa akwai sabon abu a ciki wanda bakinmu bai saba da shi ba, sai ya aika a kira masa mutanensa.

Su uku ne. Akwai Alhaji, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Kaduna da Lokoja, wanda a wurinsa kowace kalmar Turanci idan aka lanƙwasa ta kaɗan ta zama Hausa. Akwai Malam, mai makarantar allo a bayan gidan Kawu, shi kuma komai sai ya nemo masa asali a Larabci. Sai Iya mai ƙosai, Bayarabiya haifaffiyar garin, wadda take suya a ƙofar zauren. Ba ta shiga ciki, daga bakin kaskonta take jefo tata, kuma sau da yawa tata ce take tsayawa.

Ƙa'idar zauren guda ɗaya ce, Kawu ne ya gaje ta daga wanda ya koya masa aikin: sabuwar kalma ba ta shiga shela sai ta kwana a kasuwa. Idan an yi gardama an rage kalmomi zuwa biyu, sai a sake su duka. Alhaji ya kai tasha ya riƙa sakawa cikin hirarsa, Malam ya kai dakalin masallaci, Iya ta zuba wa masu sayen ƙosai. Ba a ce wa kowa ga abin da ake yi. Shi kuma Kawu bakinsa a rufe. Ranar kasuwa zai fita ya yi ta zagayawa yana taya doya da ba shi da niyyar saye, yana ƙwanƙwasa tukwanen matan Gwari kamar mai neman tsaga, kunnensa kuwa yana wajen hirar mutane. Duk kalmar da ya ji ta fito da kanta daga bakin wanda ba ɗan zaure ba, ba tare da an tambaye shi ba, ita ce ta dawo. Ya fi son ya ji ta a bakin manomin da ya shigo daga ƙauye ko ɗan kasuwar da ya zo daga kudu, domin a cewarsa idan baƙon harshe ya iya ɗaukarta, ɗan gari ba shi da uzuri.

Haka aka yi da farin takin nan na buhu lokacin da ya fara yawa. Alhaji ya tsaya a kan takin Bature, Iya ta ce takin zamani. Aka sake su. Bayan kasuwa ɗaya ko biyu Kawu ya ji wata mai sayar da gauta tana gaya wa maƙwabciyarta cewa takin zamani ya ƙone mata yakuwa. Ya dawo zaure ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ta dawo." Alhaji ya yi kwana biyu yana sayen ƙosai a wani wuri.

A ofis akan yi ƙorafin jinkiri, amma sun saba, sukan ba da takarda da wuri. Kuma sun san idan Kawu ya yi shela ba a dawowa ana tambayar me aka ce.

A shekarar da aka yanka mana sabuwar jiha, babban magatakarda ya kira ni wata safiya. Mutumin kirki ne, yana girmama Kawu. Ya ce za a kawo wa garinmu motar sanarwa mai ƙahon magana a bisa kanta, kuma ba wucewa za ta yi ba kamar motar majigi, zama za ta yi. Yana son Kawu ya sanar da mutane zuwanta. Sannan ya ce in gaya masa kujerar gaba tasa ce idan yana so, shi zai riƙa magana a ciki. Idan ba ya so, akwai saurayin da za a turo da ita.

Na kai saƙon da la'asar. Kawu ya saurara har na gama, bai ce komai a kan kujerar ba. Ya ce a kira mutane, akwai abin da za a raɗa wa suna.

"Wannan ai ba ta buƙatar zama," in ji Alhaji tun kafin ya cire takalmi. "Lasifika. Kowane kwandasta ya sani."

"Kwandastanka ko ranar da aka haife shi bai sani ba," in ji Kawu. "Zauna."

Malam ya gyara murya ya kawo wata doguwar kalma ta Larabci, ya fara bayanin tushenta. Iya ta leƙo da matsami a hannu.

"Allah gafarta Malam, wannan ai sai ka ajiye idan an yi maka jika mace. Ni dai ba zan iya faɗinta da ƙosai a wuta ba."

Aka yi dariya har da Malam ɗin. Sai Kawu ya ce shi ma yana da tasa, abin da ba kasafai yake yi ba, domin ya fi son ya zama mai saurare. Ya ce lokacin da suke yara sukan bi manya zuwa wajen babban dutsen nan na hanyar Madalla, su tsaya daga nesa su kwarara ihu, dutsen ya maido musu. Amsa-kuwwa. Ya ce abin da wannan ƙarfe yake yi ke nan, ba wani abu ba.

"Dutse bai taɓa fara magana ba," in ji shi. "Sai mutum ya kira, sannan ya amsa. Ina so mutane su san haka tun daga sunan."

Kowa ya gane ba ƙarfen kaɗai yake nufi ba. Shekarunsa sun ja, ba shi da gona mai yawa, ba shi da wata sana'a, kuma tun yana matashi garin bai san wata murya ba sai tasa. Idan mutane suka ɗauki motar a matsayin abin da yake maimaita kiran mutum, to mutumin yana nan da darajarsa. Idan suka ɗauke ta a matsayin baƙuwar da ta zo da sunanta da bakinta, shi ya zama tsohon da ake ɗauka a gaban mota don kunya.

Alhaji ne ya fara magana.

"Kai dai ka ce kana tsoron ƙarfe ya cinye maka tuwo."

"Ƙarfe ba ya cin tuwo, Alhaji. Kai ne kake ci har da na maƙwabta."

Aka saki kalmomin biyu kamar yadda aka saba. Amma tun farko ba a tashi daidai ba. Lasifika ta riga ta daɗe tana yawo a bakin direbobi da yaran da suke bin motar majigi, kawai dai ba a taɓa buƙatarta a shela ba. Kawu ya san haka sarai. Duk da haka ya fita kasuwa kamar kullum. Na gan shi ranar daga nesa, yana tsugune gaban tulin doya yana juya ɗaya a hannu, kansa a karkace. Ya dawo bai ce komai ba. Kasuwa ta sake zagayowa, ya sake fita, ya sake dawowa shiru. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Magatakarda kuwa yana tambayata kullum, domin motar ta kusa isowa.

A kasuwar da ta biyo baya na raka shi, don yana ɗan jin jiri. Muna wucewa ta layin masu doya sai wani manomi Bagwari, dattijo mai fara'a da Kawu ya sani, ya miƙe ya gaishe shi. Bayan gaisuwa sai ya gyara tsayuwa, ya haɗiye yawu, ya ce da ƙarfi kamar ɗalibin da yake biya allo:

"Baba mai shela, an ce wai za a kawo mana amsa-kuwwa."

Na yi murna. Na dubi Kawu. Shi kuwa ba fuskar mutumin yake kallo ba, hannunsa yake kallo. Yatsun manomin suna ƙyalli da mai. Mutumin kuma yana ta satar kallon bayanmu, inda na waiga na hango Iya tsaye a bayan wata rumfa, ita da ba ta barin kaskonta ranar kasuwa.

Kawu ya juya harshe zuwa Gwaranci, ya tambaye shi a hankali, "Ƙosan ya yi daɗi?"

Mutumin ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

"Ya yi, Baba. Har da yaji aka sa mini."

Kawu ma ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Da yamma da aka taru ya tsaya a ƙofar zaure inda Iya za ta ji.

"Kun mai da ni yaron da ake ba alewa don ya daina kuka," in ji shi.

Iya ta sunkuyar da kai tana juya ƙosan da bai isa juyawa ba. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Alhaji ne ya kawo shawarar, shi ya zaɓi manomin, shi ya yi ta maimaita masa kalmar a bayan tasha har ta zauna.

"Wallahi ni ma ban so tawa ta ci ba," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tunda nake da kai ban taɓa son in sha kaye a gardama ba sai wannan karon."

"To ka sha kaye a wannan ma," in ji Kawu. "Matsa in zauna."

Kwana kaɗan bayan haka ina gidansa da hantsi, muna shan fura a tsakar gida. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana gefe tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Ba mai fita ba ce, kasuwa ma aike take yi, kuma Kawu bai taɓa kai mata maganar zaure ba. Ba tare da ta ɗago kai ba ta ce:

"Maigida, wai da gaske ne lasifikar nan idan ta yi magana a bakin kasuwa har unguwar Hashimi za a ji?"

Kawu ya tsaya da ludayi a hannu.

"A ina kika ji wannan?"

"Wurin mai kitso. Kowa ma maganar yake yi."

"Haka suka kira ta?"

"To da me za su kira ta?"

Ya mai da ludayin cikin ƙwarya a hankali. Ya dube ni, ya ce, "Malamin ofis, je ka gaya wa magatakarda gobe zan fita. Ta dawo."

Na ce masa, Kawu, ai ba wanda zai hana ka faɗin taka. Kai ne mai shela, idan ka faɗe ta a kowace unguwa wataƙila ta kama. Ya ce idan ya yi haka sau ɗaya, to duk shekarun da ya yi yana taya doyar da ba ya saye wasa ya yi ke nan.

Washegari ina ofis na ji kugen daga wajen kasuwa. Na fito baranda. Muryarsa ta taso kamar yadda na san ta tun ina ƙarami.

"Jama'a! Jama'ar Abuja, maza da mata, 'yan gari da baƙi, a saurara! Ana gaishe ku. Bayan gaisuwa, ana sanar da ku za a kawo motar sanarwa mai lasifika. Kada wanda ya firgita, kada yara su bi ta da jifa. Idan ta yi magana a tsaya a ji, maganar hukuma ce!"

Bai haɗiye kalmar ba, bai yi sauri a kanta ba. Ya ba kowace gaɓa haƙƙinta, kamar shi ya ƙirƙiro ta. Haka ya bi unguwa-unguwa har ya gama.

Motar ta iso wata safiya bayan an ɗauke ruwan sama, fara ce mai ƙaho biyu a sama, ɗaya yana kallon gaba ɗaya baya. Saurayin da ya zo da ita mai ladabi ne, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Kawu. Kawu ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a. Ya yanke shawarar zai gwada kujerar. Alhaji ne ya buɗe masa ƙofa yana cewa yau dai ya ga ranar da mai shela ya zama kwandasta. Ni na shiga baya.

Aka miƙa masa abin magana. Ya cika ƙirji ya ce "Jama'a!" yadda ya saba, ƙahon ya yi wata ƙara mai tsinka kunne, kaji suka watse, yara suka kwashe da dariya.

"Baba, ku yi a hankali," in ji saurayin. "Kamar kuna magana da mutum ɗaya a ɗaki."

Ya sake gwadawa, a karo na biyu ta fita sumul. Na ga ya ɗan yi murmushi da ya ji muryarsa ta bugi bangon masallaci ta dawo. A raina na ce shi ke nan, an dace.

Sai saurayin ya zaro takarda. An riga an fassara ta da Hausa tun daga babban birnin jiha, an buga ta da keken rubutu. Tunda Kawu ba ya karanta boko, aka shirya saurayin ya riƙa karanta layi a hankali shi kuma yana faɗa. Gaisuwa ta wuce lafiya. Da aka zo layi na gaba saurayin ya karanta cewa daga yanzu sha'anin gari zai koma hannun ƙaramar hukuma.

Kawu ya sauke abin maganar zuwa cinyarsa.

"Wace hukuma?"

"Ƙaramar hukuma, Baba."

"Hukuma kuma ƙarama? Wa ya raɗa mata?"

Saurayin ya ce shi dai haka aka ba shi. Na yi wa Kawu bayanin sabon tsarin gwargwadon yadda na fahimta. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, kuma ba ya cewa kalmar ba ta da kyau. Amma bai taɓa jin ta a bakin kowa a garin nan ba. A ba shi kasuwa ɗaya kawai ta kwana.

Na sauka na kira magatakarda, wanda yake tsaye a baranda. Ya zo har bakin tagar motar, ya yi magana cikin girmamawa. Ya ce a yau ake son kowane gari ya ji, gobe motar za ta shiga ƙauyuka da wannan takarda, kuma gidan rediyo ya riga ya fara faɗin kalmar. Ya ce daga yanzu haka takardu za su riƙa zuwa, a fassare, da safe a karanta da safe. Ba shi da ikon tsayar da su. Gaskiya ya faɗa.

Kawu ya zauna yana kallon abin maganar a cinyarsa. Mutane sun taru sun kewaye motar suna jira. Alhaji ya sunkuyo ta taga ya ce masa a hankali, "Kalma biyu ce fa. Faɗi mu wuce." Kawu bai dube shi ba. Can sai ya ɗauki abin da hannu biyu ya miƙa wa saurayin.

"Ɗana, muryarka ta isa. Karanta musu."

Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya tattare babbar rigarsa, ya gaida magatakarda, ya shiga lungun da yake ɓullewa Magajiya. Na bi shi. Lungun ƙunci gare shi, mota ba ta shiga, amma muryar saurayin ta biyo mu ta saman katangu, tana faɗin ƙaramar hukuma, har muka kai ƙofar gida. Iya tana bakin kaskonta. Ta dube shi ta dubi rigar, ta zuba masa ƙosai a takarda.

Kalmar kuwa ba ta da laifi. Yau ba wanda zai ce an taɓa rayuwa ba tare da ita ba. Wasu watanni bayan haka Kawu ya shigo zaure daga kasuwa, domin bai daina zagayensa ba ko da yake ba mai aiko masa da takarda. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce ya ji wata Banufiya mai busasshen kifi tana cewa 'yan ƙaramar hukuma sun tashe ta daga inda take zama.

"Ta dawo," in ji shi.

Ba mai jiran wannan labari a ofis ko a wani wuri. Amma Malam ya ce madalla, Alhaji ya ce ai ya faɗa, kuma daga ranar ne Kawu ya fara amfani da kalmar a bakinsa.

Ba a daɗe ba na sami gurbin karatu a ƙasar waje na tafi. Kafin in dawo sunan garin ya canja, Kawu kuma ya rasu. Kugen yana rataye a ɗakin Inna har ita ma ta bi shi. Shekaru da yawa bayan haka, ina wani ɗakin baƙi a wata ƙasa, na kama tashar Hausa a rediyo na ji mai karanta labarai ya ce an yi wa jama'a jawabi ta amsa-kuwwa. Ba na cewa daga zaurenmu ta fita. Hausa tana da faɗi, wasu a wani wuri sun bi hanyar da ya bi sun iso inda ya iso. Na dai zauna a bakin gado na daɗe ban kashe rediyon ba.

Duk wannan na ba dattijuwar nan ta Estoniya labari, a taƙaice, da guntun Rashancina. Ta saurara hannunta a kan akwatin katunan. Da na gama ta tambaye ni wa yake yin wannan aiki a garinmu yanzu. Na ce muna da malamai a jami'o'i da ma'aikatan gidajen rediyo, suna ƙoƙari ƙwarai, kuma harshenmu ya fi nasu yawan masu magana nesa ba kusa ba, ba ya cikin haɗarin ɓacewa. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Ta ce wa yake zuwa kasuwa ya saurara.

Zauren Kawu yanzu shagon cajin waya ne. Tun daga ranar da ya sauka daga motar nan, kalmomi suna iso mana a shirye daga wani wuri, kuma ba a sake tambayar kasuwar garinmu ko ta karɓa ba.